Khadeejah ko Hadiza? Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Ƙawata Rubutun Sunan 'Yarku

A ƙasar Hausa da baki ake raɗa suna. Ranar bakwai da safe, an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, an shafa fatiha, sai sanƙira ya ɗaga murya ya ce yarinya ta ci sunan A'ishatu, Allah ya raya. A wannan taro ba wanda ke tambayar da wane harafi sunan ya fara, ko akwai "h" a ƙarshensa. Kakanninmu mata da yawa sun yi rayuwarsu har suka koma ga Allah ba a taɓa yi musu wannan tambaya ba. Amma jaririyar da aka yanka wa rago a bana, kafin ta cika shekara ashirin za a rubuta sunanta a katin rigakafi, da takardar haihuwa, da rajistar firamare, da NIN, da takardar WAEC ko NECO, da fom ɗin JAMB, da asusun banki, wataƙila har da fasfo. Kwamfutocin da ke riƙe da waɗannan takardu kuwa ba su san A'isha da Aishat da Ayeesha mutum ɗaya ba ce. A wurinsu mata uku ne.

Ga kuma yayi ya shigo. Tun kafin a fito daga asibiti an zana katin suna ana yawo da shi a WhatsApp, an buga sunan a jikin kek da jaka da kofunan rabo: Khadeejah, Aeeshah, Zaynaab, Fateemah, Maryaam, Ummeey. Iyayen da ke yin haka suna da dalilansu, kuma ba duka ne na banza ba. Wani so yake rubutun ya yi kusa da yadda sunan yake a Larabci. Wata ta tuna a ajinsu na sakandare Fatima biyar ne, sai da aka bi su da lamba, ba ta son 'yarta ta ɓace cikin taro. Wasu kuma a Instagram suka gani, ko a fim ɗin Indiya ko na Turkiyya, ya burge su. Ba laifi ba ne uwa ta so sunan 'yarta ya yi kyau a ido. Abin dubawa shi ne, wadda za ta ɗauki wannan rubutu a kanta har tsufa ba a yi shawara da ita ba.

Mu fara da dalilin da ya sa suna ɗaya ke da rubutu goma. Yawancin sunayen yanka na mata Musulmi daga Larabci suka zo, kuma a Larabci kowannensu rubutu ɗaya gare shi. Ko a ajami ma ba a cika samun rigima ba. Rikicin ya fara ne da aka ɗauko sunayen aka zuba su cikin haruffan boko, domin akwai baƙaƙen Larabci da boko ba shi da takwarorinsu. Tun kafin zuwan Turawa bakin Bahaushe ya riga ya sassaƙe waɗannan sautuka daidai da harshensa. "Kh" ta koma "h", shi ya sa Khadija ta zama Hadiza, Khalid ya zama Halidu. "Th" ta koma "s", Kulthum ta zama Kulsum, Uthman ya zama Usman. Harafin lodi ya koma "l", aka sami Raliya da Marliya da Murtala, kamar yadda aka sami Ramalan da alƙali. Ɗa mai hannu ta ba mu Faɗimatu a wani baki, Fatsuma a wani. Da Turawa suka kawo boko a farkon ƙarni na 20, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, baƙaƙe masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ suka zauna a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 tana yaɗa wannan rubutu. An daidaita rubutun kalmomi, amma sunayen mutane an bar su a hannun malamin makaranta da akawu da ma'aikaciyar asibiti, kowa ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Ƙarshen suna shi ya fi rikita mutane, alhali bayaninsa mai sauƙi ne. Sunaye irin su A'isha da Hafsa da Halima da Amina da Safiya duk suna ƙarewa da harafin da almajirai ke kira takuri. In aka tsaya a kansa, sautin "h" ne mara ƙarfi, ko ma ba a jin sa. In aka zarce da karatu, sai ya fito da sautin "t". Daga nan hanyoyi huɗu suka rabu. Wanda ya bi tsayawa ya rubuta Hafsah, wanda ya jefar da "h" ɗin ya rubuta Hafsa, wanda ya bi "t" ya rubuta Hafsat, kamar yadda aka fi yi a ƙasar Yarabawa inda ake da Aishat da Aminat da Rashidat, Bahaushen da ya ɗauko sunan daga bakin malam da cikakken wasalinsa kuma ya ce Hafsatu. Duk huɗun suna da tushe. Saboda haka mai ce muku Hadiza ko A'ishatu ko Bilkisu rubutun jahilci ne, shi ne bai san tarihin abin ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma da wannan "u" na ƙarshe duniya ta san ta har yau.

Su kuwa "ee" da "oo" da suka cika gari, aron Turancin Ingilishi ne. A Ingilishi "ee" na ba da sautin doguwar "i", "oo" kuma doguwar "u", shi ya sa Musulmin Indiya da Pakistan da suka daɗe da Turanci ke rubuta Haleema da Maimoona, daga can kuma Ayesha ta fito. Ƙa'idar rubutun Hausa ta yau da kullum ba ta nuna dogon wasali, Halima da Maimuna kawai ake rubutawa, mai karatu ya san inda zai ja.

To, a nan ne ado yakan zama ɓarna, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Ninka wasali yana nufin "ja a nan". In kuka ninka inda babu ja, kun sauya sunan. Khadeejah daidai ne, domin a Larabci a kan "di" ake ja. Haka Haleema da Jameela da Habeeba. Amma Fateema fa? A sunan 'yar Manzon Allah (SAW), a kan "Fa" ake ja, "ti" ɗin gajere ne. Mai son nuna jan da gaske Faatima zai rubuta. Fateema ta ɗauke jan daga mazauninsa ta kai shi wani wuri, ga shi an wahala an ƙara haruffa, ga shi an yi nisa da asalin da ake cewa ana nema. Ameena da Aamina sunaye biyu ne daban. Na farkon yana nufin amintacciya, mai riƙon amana, na biyun shi ne sunan mahaifiyar Annabi. Dukansu kyawawa ne, amma uban da ya yi niyyar yi wa mahaifiyar Annabi takwara ya rubuta Ameenah, a takarda dai ba wannan sunan ya rubuta ba. Rabi'a ma haka. Sunan Rabi'atul Adawiyya ta Basra a kan "Ra" ake jan sa. In aka rubuta Rabee'ah an koma wani suna na dabam, wanda Larabawa suka sani a matsayin sunan ƙabila da sunan maza. Eesha da ake gani yanzu a madadin A'isha ta yar da gaɓar farko ɗungurungum, abin da ya rage ya fi kama da sunan sallar lisha a Larabce. Zahra in ta rasa "h" ta zama Zara, wadda a Hausa tauraruwa ce, matar wata. Wannan kam ba asara aka yi ba, amma a sani.

Haka "h" ɗin ƙarshe. Tana da gurbi a sunayen da suka ƙare da takuri. Asma'u da Hauwa'u da hamza suka ƙare, Salma da Bushra kuma da alif, don haka Asmah da Hauwah da Bushrah ado ne kawai, ba kusanci da Larabci ba. Wanda ya ga ya yi masa kyau ya sa, amma kada ya ce koyi yake da asali.

Akwai kuma inda boko ke ɓoye bambancin da Larabci ya fito da shi fili. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wata 'yar Sayyidina Umar sunanta Asiya, da ainun da sodi, ma'ana mai saɓo, sai Annabi (SAW) ya sauya mata suna zuwa Jamila. Asiya matar Fir'auna, wadda Hausawa ke sa wa 'ya'yansu sunanta, da wasu haruffan ake rubuta ta, kuma ba ta da alaƙa da saɓo. A boko duka biyun Asiya ne. Wannan ya isa ya nuna cewa ba daga rubutun boko ake gane ma'anar suna ba. Duk sunan da kuka tsinta a intanet, musamman irin sababbin nan da ba ku taɓa jin wata sahabiya ko wata kaka da shi ba, ku nemi a rubuta muku shi da haruffan Larabci, ku kai wa wanda ya karanci Larabci da gaske ya faɗa muku abin da yake nufi. Shafukan da ke jera sunayen jarirai sukan manna wa kusan kowane suna ma'anar "kyauta daga Allah" ko "furen Aljanna", ko da kuwa ba haka ba ne. Kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani ma kaɗai ba ta mayar da ita sunan kirki, tunda akwai sunayen azaba da na azzalumai a ciki. Hausawa sun ce suna linzami ne. Annabi ya sauya sunan wata Barra zuwa Zainab, ya sauya wata Barra zuwa Juwairiyya, duk saboda ma'ana. Ba a ruwaito yawan wasula ya dame shi ba.

Yanzu mu zo kan takarda, inda ake shan wahalar.

A Najeriya dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60. Wannan takardar ita ce ya kamata ta zama uwa ga duk sauran. A aikace ba haka abin ke tafiya ba. Katin asibiti tun kafin suna aka buɗe shi da sunan mai jego. Katin rigakafi ma'aikaciya ce ta cika shi cikin hayaniyar jarirai. Ranar shiga firamare wani kawu ne ko yayar yarinya ta kai ta, aka tambayi suna ta faɗa da baki, malam ya rubuta nasa. A sakandare yarinya ta fara wayo, ta ga ƙawayenta na rubuta nasu da "ee", ita ma ta sauya a bangon littafinta, daga nan ya shige fom ɗin jarrabawa. Da can duk wannan ba ya hana komai, domin mutum ne ke duba takardun, ya san Zainabu ita ce Zainab. Sai aka kafa hukumar NIMC a 2007, lambar NIN mai alƙaluma 11 ta zo. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN, daga 2021 kuma JAMB ta wajabta NIN ga duk mai son rubuta jarrabawarta, kuma daga rumbun NIMC take ɗauko sunan ɗalibi kai tsaye. Tun daga nan takardun suka fara duba junansu.

Ku je kowace cibiyar rajistar JAMB a lokacin sayar da fom, za ku ga irin wannan. Dattijo ya zo da 'yarsa, ta tura lambarta ta saƙon waya, suna ya fito a allon kwamfuta. Yaron da ke aikin ya dubi allo, ya dubi takardar sakandaren da ke hannunsa.

"Baba, akwai matsala. A NIN Ruqayyah ce, a nan kuma Rukayya."

"To ai ita ce, ɗana. Ga ta nan tsaye a gabanka."

"Na sani, Baba. Ni na yarda. Amma gaba in an zo tantancewa ba ni zan duba ba. Gara ku je a gyara ɗaya tun yanzu."

"A gyara wanne?"

Amsar wannan tambaya ita ce zirga-zirgar makonni: kotu don takardar rantsuwa, jarida don sanarwar gyaran suna, ofishin NIMC da kuɗin gyara da jiran a amince, banki in akwai asusu, ga kuɗin mota, ga ranar rufe fom na matsowa. Wadda ba ta gyara a nan ba za ta tarar da abin yana jiran ta wajen tantance sababbin ɗalibai a jami'a, ko wajen bautar ƙasa, ko ranar da aka turo mata kuɗi daga waje banki ya ce sunan bai dace ba.

A lura da wani abu a wannan labari. Ruqayyah ba ta yi laifi ba, Rukayya ma ba ta yi ba. Da ɗaya daga cikinsu ce a ko'ina, da yarinya ta gama rajistarta ta tafi gida. Rubutu biyu ne ya kawo cikas. Illar baƙon rubutu ita ce ya fi saurin haihuwar na biyu da na uku. In kun ce Maryam, cikin masu rubutu goma mafi yawansu abu ɗaya za su rubuta. In kun ce Maryaam ce da "a" biyu, to kowane teburi sai an tsaya an yi bayani, kuma ranar da ba ku nan za a rubuta wanda aka saba. Marubuciya Zaynab Alkali da "y" take rubuta sunanta, haka yake a bangon littafinta The Stillborn na 1984, haka yake a sauran, haka duniya ta san ta. Baƙon rubutu in an riƙe shi hannu bibbiyu yana zama. Sai dai riƙon aiki ne, kuma aikin iyaye ne har yarinya ta girma.

Fasfo yana da nasa sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba. Ku buɗe shafin hoto, ku dubi layuka biyu na can ƙasa masu cike da alamar "<". Wannan wurin na'ura ke karantawa a filin jirgi, kuma bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ya ɗaukar komai sai manyan haruffa daga A zuwa Z da alƙaluma da waccan alamar. Kowane layi gurbi 44 ne, 39 daga ciki aka ware wa suna gaba ɗaya. Babu ƙugiya, babu ɗigo biyu a kan harafi, babu ɗan waƙafin saman nan na hamza. A'isha za ta koma AISHA, Asma'u ASMAU, Sa'adatu SAADATU, Faɗimatu kuma ta rasa ƙugiyarta. Tikitin jirgi ma haka yake, fom-fom da yawa na intanet kuma da zarar sun ga hamza sai su ƙi wucewa. Wannan abin takaici ne ga mai kishin Hausa, domin a ƙa'idarmu hamza harafi ce mai zaman kanta, kuma ni ina ganin a littafi da jarida da wasiƙa ya kamata a ci gaba da rubuta ta. Amma a takardun hukuma ku yanke shawara tun farko, ko da ita a ko'ina in tsarin ya karɓa, ko babu ita a ko'ina. Masu haɗa suna mai tsawo, irin Fatimatuzzahra'u ko Ummulkhairi, ga sunan uba ga na kaka, su ƙirga haruffan, don abin da ya wuce gurbi yanke shi ake yi.

Iyalan da ke da ƙafa ɗaya a Najeriya ɗaya a Nijar nasu ya fi na kowa. Tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ko Daura da Damagaram, dangi ɗaya ne, aure ɗaya, suna ɗaya, amma alƙalami biyu. A Nijar da ƙa'idar Faransanci ake rubuta suna a takardar haihuwa: "ou" a madadin "u", "ch" a madadin "sh", "dj" a madadin "j", sannan a ninka "s" tsakanin wasula biyu don kada a karanta ta "z". Haka A'ishatu ke zama Aïchatou, kamar sunan tsohuwar ministar harkokin wajen Nijar Aïchatou Mindaoudou, Hauwa ta zama Haoua, Zainabu Zeinabou, Bilkisu Balkissa, Nafisa Nafissa. A arewacin Kamaru za ka ga Aïssatou da Fadimatou, a zangon Kumasi da Accra kuma Ayisha da Memunatu da Zenabu. Yarinyar da aka haifa a Maraɗi aka kawo ta karatu Kano, a bar mata rubutun takardarta ta asali ko da malamai za su yi ta tuntuɓe a kansa. "Gyara" shi zuwa na Najeriya a rajistar makaranta shi ne mafarin mallakar suna biyu.

Hausawa Kirista ma abin bai bar su ba. Tun da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ake da Rifkatu da Saratu da Hannatu da Rahila. Sau da yawa katin baftisma na ɗauke da Rifkatu, takardar makaranta kuma Rebecca. A wurin kwamfuta waɗannan ko kama ba su yi ba.

A wasu ƙasashe hukuma kan tsoma baki. A Faransa, tun 1993 iyaye ke da 'yancin zaɓen sunan da suka ga dama, amma jami'in rajista na iya kai maganar gaban shari'a in ya ga sunan zai cuci yaro, kuma a 2015 aka ji labarin wata kotu a garin Valenciennes da ta hana a sa wa wata yarinya Nutella, sunan wani abin shafa wa burodi, ta mayar da shi Ella. A Najeriya ba mai tsare muku wannan ƙofa. Abin da kuka faɗa shi za a rubuta, ko kuma abin da mai rubutun ya ji.

Ni a ganina al'adarmu ta riga ta tanadi wurin da ado zai sauka ba tare da ya taɓa takarda ba, wato lakabi. Bahaushiya ba ta rayuwa da suna ɗaya. In uba ya yi wa mahaifiyarsa takwara, ba mai kiran sunan gatsau a gidan saboda alkunya, sai a ce Ummi ko Mama ko Hajiya ko Walida. Kowane babban suna kuma da 'yan rakiyarsa: A'isha ita ce Indo da Shatu, Fatima Binta, Hadiza Dije, Hauwa Kulu da Jidda, Maryam Mairo, Zainab Abu. Ga sunan rana, Ladi da Talatu da Balaraba da Lami da Jummai da Asabe, ga na yanayin haihuwa, Azumi da Tasalla da Kande da Auta. Sunan yanka kamar zanen da ke ƙasan adaka ne, ba kullum ake fito da shi ba, amma shi ake nema ranar babbar hidima. To a bar shi a rubutun da kowa ya sani, lakabin kuma a yi masa duk kwalliyar da ake so. A rubuta Ummeey a kek, a rubuta Meenah a jikin riga, ranar da ta mallaki waya ta ƙara "h" uku a Facebook in ta ga dama. Ba bankin da zai tambaye ta.

Sai dai lakabin ma a tsare shi a gida. Rikicin da ya fi na haruffa muni shi ne a ce takardar haihuwa na cewa Fatima, rajistar makaranta na cewa Ummi, domin wanda ya kai ta makarantar bai ma san sunanta na yanka ba, ko ya sani kunya ta hana shi faɗa. In kuna son lakabin ya shiga takarda, ku sa shi a matsayin suna na tsakiya tun daga takardar haihuwa. Haka jerin sunayen: wanne ne nata, wanne ne na uba, wanne ne na iyali ko na gari. Wanda aka sa a gurbin sunan iyali yau, shi za a ci gaba da sawa, kuma ya dace da yadda uban ke rubuta nasa. Muhammad da Mohammed da Muhammadu sun raba 'yan uwa ciki ɗaya a takarda ba sau ɗaya ba.

Wanda duk da haka ransa ya kwanta da baƙon rubutu, ga gwaji mai sauƙi kafin ranar suna. Ku rubuta shi a takarda ku miƙa wa wanda bai san abin da kuke nufi ba, ku ji yadda zai karanta. In ya karanta Aeeshah da wani sauti na dabam, haka malamai da likitoci za su yi ta yi mata. Sannan ku kira wani a waya ku faɗi sunan ku ce ya rubuto muku. In sai kun bi shi harafi-harafi, ku sani haka ita ma za ta yi ta yi a gaban kowane teburi. Ku kuma gwada shi a bakin kakarta. Sunan da kaka ba ta iya furtawa ba, ita za ta raɗa wani da kanta, kuma nata ne zai bi yarinyar. Bayan haka uba da uwa su zauna su amince da rubutu guda, domin ba abin mamaki ba ne uba na rubuta Khadija uwa na rubuta Khadeejah shekara da shekaru ba wanda ya lura. A rubuta shi da manyan haruffa, a ɗauki hotonsa a waya, a tura wa duk wanda zai iya kai yarinyar asibiti ko makaranta.

Waɗanda nasu ya riga ya rabu biyu, kada su jira sai an fara sayar da fom. Gyara ya fi sauƙi tun yarinya na firamare, lokacin da takardun ba su wuce biyu ko uku ba, kuma ana yi wa yara NIN a haɗa da ta iyayensu, don haka ana iya kafa rubutun tun da wuri. Takardar jarrabawar gama sakandare ita ce mafi wuyar taɓawa bayan an buga ta. Kafin makaranta ta tura sunayen 'yan aji shida, uba ko uwa su je da kansu su ga abin da aka shigar, su gwada shi da na NIN da na takardar haihuwa.

Ranar da kuka je karɓar takardar haihuwa kuma, kada ku faɗi sunan da baki, ku miƙa shi a rubuce. In an gama cikawa, kada kunya ko layin da ke bayanku ya sa ku ninke ta ku sa aljihu. Ku tsaya nan gaban teburin ku karanta ta harafi bayan harafi, sunanta da na mahaifinta da ranar haihuwa, in da kuskure a gyara shi kafin a buga hatimi.